Yadda na samu takalmin zamiyar ƙanƙara da ya dace da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafata

Tun ina yaro na san tafin ƙafata shimfiɗaɗɗe ne, domin duk lokacin da na taka daɓe da jiƙaƙƙiyar ƙafa sawun da nake bari cikakke ne daga diddige har zuwa yatsu, babu ɗan gurbin nan da sauran mutane suke bari ta gefen ciki. Hakan bai taɓa hana ni tafiya ko gudu ba, shi ya sa ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da na fara koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara bayan na girma. Takalmin wannan wasa kwanson roba ne mai tauri da yake hawowa har tsakiyar ƙwauri, a cikinsa akwai wani ƙaramin takalmi na soso mai laushi, a wajensa kuma maɗaurai huɗu na ƙarfe da ɗamara guda a sama. An yi shi ne domin ya isar da kowane motsi na ƙafa zuwa ga allon zamiya, wato dogon siririn allon da ake maƙalawa a ƙarƙashin kowace ƙafa, saboda haka ba ya bin siffar ƙafa yadda fata ko yadi suke bi. Hunturu biyu na yi ina fama da shi kafin na gane inda matsalar take, kuma na rubuta wannan bayani ne domin mai ƙafa irin tawa ya san tsarin da ya kamata ya bi tun daga farko.

A hunturun farko hayar takalmin nake yi. Ma'aikacin wurin ya tambaye ni lambar takalmin da nake sawa kullum, ya miƙo mini mai lamba 27.5, na ɗaura na fita. Ban yi rabin sa'a a kan gangare ba sai tsakiyar tafin ƙafata ya fara zugi kamar na taka garwashi, sannan wani ƙashi da ke ƙasa da idon sawu ta gefen ciki ya soma gugar kwanson har wurin ya yi ja. Na koma na ce takalmin ya matse ni, aka ba ni mai lamba 28.5. A tsaye cikin ɗakin na ji sauƙi ƙwarai, amma da na koma kan ƙanƙara sai na ga an gudu ne ba a tsira ba. Diddigena yana ɗagawa a duk juyin da na yi, ƙafar tana zamewa gaba tana buga bakin takalmin, ni kuma ina ƙanƙame yatsuna domin in riƙe kaina, wanda hakan ya ƙara wa tafin ƙafar gajiya. Kafin ƙarshen makon farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi, gaban ƙwaurina kuma ya yi tsami saboda dukan da yake sha daga harshen takalmin.

Da hunturu na biyu ya gabato na yanke shawarar sayen nawa na kaina, bisa tunanin cewa laifin na takalman haya ne da ƙafafu da yawa suka ratsa. Na shiga wani babban kanti da yake rage kuɗin kaya, ba tare da kowa ya auna ni ba, na zaɓi mai lamba 28.5 mafi faɗi da na gani, wanda aka rubuta faɗinsa milimita 104, domin a ganina shimfiɗaɗɗiyar ƙafa dole ta kasance mai faɗi. Na zare shimfiɗar tafi da nake sawa a takalmin gudu na cusa a ciki, na kuma haɗa safa biyu masu kauri. Abin da ya biyo baya ya fi na bara muni. Saboda ƙafar tana yawo a ciki, sai na riƙa ƙara matse maɗauran da ke kan doron ƙafa har zuwa haƙorinsu na ƙarshe, matsin ya danne jijiyoyin jini, yatsuna suka riƙa sagewa da sanyi tun kafin tsakar rana. Malamin da yake koya mini ne ya fara faɗa mini gaskiya. Ya tsaya a ƙasan gangare ya kalle ni ina saukowa, sannan ya ce gwiwoyina suna faɗawa ciki suna neman haɗuwa, allunan kuma suna tafiya a kan kaifinsu na ciki ko da ina son su kwanta daidai. Ya ce babu yawan darasin da zai gyara wannan matuƙar ƙafar tana rushewa a cikin takalmin, ya kuma ba ni shawara in fara zuwa a duba ƙafar kanta, daga nan in nemi gwanin daidaita takalmin zamiya. Ranar raina ya ɓaci sosai, domin na riga na kashe kuɗi a kan abin da aka nuna mini ba zai yi amfani ba.

Mako uku na jira kafin na samu ganin likitan ƙafa. Ganawar ba ta wuce minti talatin ba, kuma ba a ɗauki hoton ƙashi ba. Ya sa na tsaya babu takalmi ya kalli diddigena ta baya, ya ce in ɗaga in tsaya a kan yatsu, sai ga kwarmin tafin ƙafar ya bayyana, da na sauko kuma ya sake ɓacewa. Ya bayyana mini cewa shimfiɗaɗɗen tafi iri biyu ne: akwai mai sassauci, wanda kwarminsa yake nan idan babu nauyi a kansa amma yake kwantawa idan mutum ya tsaya, akwai kuma ƙagagge, wanda ba ya ɗagawa ko an yi yaya. Nawa na farkon ne, kuma shi ne ya fi yawa. Daga nan ya sa na fuskanci bango na tura gwiwa gaba ba tare da ɗaga diddige ba, domin ya ga iya lanƙwasar wuyan ƙafa, ya gano cewa naman sha-raɓata na hagu ya fi na dama ɗaurewa. Na nuna masa shimfiɗar takalmin gudun da nake amfani da ita, ya ce an yi ta ne domin ƙafar da take sauka a kan diddige ta tashi a kan yatsu, kuma ta yi kauri da yawa ga takalmin da ƙafa take zaune wuri guda a cikinsa. Ya rubuta mini gajeriyar takarda mai ɗauke da abin da ya gani, ya koya mini yadda zan riƙa miƙe sha-raɓa kullum, ya kuma ja hankalina cewa wanda tafinsa ya kwanta kwatsam a ƙafa ɗaya bayan ya girma, ko yake jin ciwo ko da ba ya cikin takalmi, bai kamata ya tsaya a kan maganar takalmi ba sai an bincika jijiyar da ke riƙe kwarmin.

Na kira wurin gwanin daidaita takalmi a waya, aka ba ni rana bayan kwana goma, domin lokacin aiki ya yi musu yawa. Wadda ta amsa kiran ta ce in ware sa'a biyu zuwa uku, in zo da yamma saboda ƙafa tana ɗan kumbura bayan an wuni a kanta, in taho da tsohon takalmin da safar zamiya guda ɗaya marar kauri, in kuma sa wandon da zai naɗu har gwiwa. Da na isa aka ba ni takarda na cike tsawona da nauyina, da yawan kwanakin da na taɓa yi a kan ƙanƙara, da irin gangaren da nake iya sauka, da raunukan da na taɓa ji. Na haɗa da takardar likita na miƙa. Shawarata a nan ita ce mutum ya faɗi gaskiyar matakinsa, domin da wannan amsa ake zaɓar taurin takalmin, kuma wanda ya ƙara wa kansa gwaninta a takarda zai fita da takalmin da ba zai iya lanƙwasawa ba.

Gwanin bai ɗauko takalmi ko ɗaya ba sai da ya yi kusan minti ashirin yana duba ƙafafuna. Ya gaya mini cewa lambar takalmin zamiya ana kiranta Mondopoint, kuma tsawon ƙafa ne kawai da santimita. Ya auna ni ina zaune, ƙafar hagu ta ba da santimita 26.7, ya ce in miƙe, sai ta koma 27.3. Faɗinta ma ya ƙaru da na tsaya, ya kai milimita 103. Sai ya durƙusa ya kama diddigena ya juya shi kaɗan har ya daidaita da ƙwauri, ya tallafi kwarmin da yatsunsa, ya ce in dubi ma'aunin. A kan idona ƙafar ta janye ta koma 26.9, faɗin ya sauko wajen milimita 100, ƙashin nan na gefen ciki da yake damuna ya koma ciki. A nan ne na fahimci abin da ya wahalar da ni shekara biyu. Ƙafata ba ta da girman da nake zato, rushewa take yi idan nauyi ya hau ta, ta ƙara tsawo da faɗi ta kuma turo ƙashinta waje, ni kuma ina ta neman takalmin da zai ɗauki rusasshiyar ƙafa maimakon in hana ta rushewa. Ya ƙara da cewa doron ƙafata gajere ne, kamar yadda yake ga da yawa daga masu irin wannan tafi, saboda haka takalmi mai yalwar ciki yana barin fili a sama, shi ne dalilin da ya sa nake matse maɗaurai har jini ya daina gudana. Domin ya tabbatar mini, ya zare soson cikin tsohon takalmina, ya sa na zura ƙafa cikin kwanson zalla har yatsuna suka taɓa gaba, ya haska fitila a bayan diddige. Filin da ya rage ya kai santimita uku da rabi, alhali abin da ake so ga mai zamiya irina shi ne kimanin ɗaya da rabi zuwa biyu.

Mataki na gaba shi ne shimfiɗar tafi, kuma ya dage cewa ita za a fara yi kafin a gwada kowane takalmi, tunda ita ce za ta tsayar da siffar ƙafar da za a nema wa mazauni. Ya zaro shimfiɗar da take zuwa da sabon takalmi ya nuna mini, wani siririn abu ne da yake naɗewa tsakanin yatsu biyu, babu tallafin komai a jikinsa. Zaɓi biyu ya ba ni: wadda aka riga aka ƙera ana yanke ta daidai da takalmi, da wadda ake ɗumamawa a fitar da ita bisa siffar ƙafar mutum. Ya ce ta farkon tana wadatar da mutane da yawa kuma ta fi sauƙin kuɗi, amma tunda ƙafafuna biyu ba su rushewa daidai da juna ya fi son a yi mini ta biyun. Kuɗinta daban yake da na takalmin, kuma na yi jim kafin na amince, saboda ban sa shi cikin lissafina ba. Ya zaunar da ni a kan wata doguwar kujera, ya ɗora ƙafafuna a kan matashi mai laushi da yake ɗaukar siffar abin da aka danna a kansa, ya daidaita diddige da gwiwa da hannunsa, sannan ya sa ɗumamammiyar shimfiɗar a ƙarƙashin tafina har ta huce. Bayan haka ya shiga ciki ya manna mata abin da zai hana ta karkata a ƙarƙashin diddige, ya goge gefunanta. Wata magana da ya yi a lokacin ta zauna mini: ba a nufin a tilasta wa shimfiɗaɗɗiyar ƙafa kwarmin da ba ta da shi, domin tudu mai tsawo da tauri a ƙarƙashin irin wannan tafi ciwo kawai yake jawowa, abin da ake so shi ne a riƙe diddige a tsaye a kuma rage rushewar, a bar wa ƙafar ɗan motsin da take daidaita jiki da shi.

Takalma uku ya ɗauko, dukansu masu lamba 26.5. Da na ga lambar gabana ya faɗi, domin ta gaza wadda na saba da lamba biyu cur. Ya yi gwajin kwanso zalla a kowannensu, ya ajiye ɗaya nan take saboda aljihun diddigensa ya yi mini yalwa. Sauran biyun masu faɗin milimita 100 ne, kuma ya bayyana mini cewa wannan adadi ana ba da shi ne bisa lamba 26.5, yana ƙaruwa idan lambar ta ƙaru. Game da tauri kuwa, ya zaɓa mini mai lamba 100 bisa nauyina da matakina, tare da gargaɗin cewa lambar tauri ba ma'auni ɗaya ba ce tsakanin kamfanoni, 100 na wannan yana iya zama daidai da 110 na wancan, kuma roba tana ƙara tauri a cikin sanyi fiye da yadda ake jin ta a ɗaki mai ɗumi. Da na zura ƙafa yatsuna suka dunguri gaba sosai, na ce masa wannan ya yi kaɗan. Ya ce in yi haƙuri, in buga diddige a ƙasa domin ya koma mazauninsa, ya ɗaura maɗauran ƙwauri da ɗamara tukuna, na kan doron ƙafa kuma ya rufe su da yatsa ɗaya kawai, sannan ya ce in tura gwiwoyi gaba. Nan take yatsun suka janye daga bakin takalmin suka bar ɗan taɓi kaɗan. Na sa ɗaya a dama ɗaya a hagu na tsaya minti ashirin, aka musanya na sake tsayawa, domin matsin da zai zama ciwo ba ya bayyana a minti biyar na farko. Na zaɓi wanda ya fi riƙe diddigena duk da cewa yana danna ƙashin gefen ciki na hagu, saboda ya tabbatar mini cewa ana iya faɗaɗa kwanso a wurin da ya matse, amma babu mai iya mayar da babban kwanso ƙarami.

Sauran aikin ranar na ɗumamawa ne da gyara. Ya manna ɗan soso a kan ƙashin da ke damuna, ya sa mini huluna a kan yatsu, ya ɗumama soson ciki a na'ura, na sa takalmin na tsaya kimanin minti goma gwiwoyi a tanƙware. Waɗannan mintuna sun yi zafi da matsi ƙwarai, amma da aka cire hulunan da soson sai na ji yatsuna sun samu wurin motsi. Ya yi alama a jikin kwanson daidai inda ƙashin yake, ya gasa wurin ya tura shi waje kaɗan da wata na'ura mai dunƙulen ƙarfe. Daga ƙarshe ya sassauta ƙusoshin da ke gefen wuyan takalmin ya daidaita shi da karkatar ƙwaurina. Na tambaye shi ko za a gyara karkatar tafin takalmin ta waje, kamar yadda na ji ana yi wa masu gwiwa mai faɗawa ciki, ya ce a jira tukuna a ga abin da shimfiɗar ta gyara. Na fita bayan kusan sa'a uku da rasit da takardar da ta ba ni damar dawowa a yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma yana da kyau mutum ya tambayi wannan tun kafin ya biya, domin ba kowane wuri ne yake bayarwa ba.

Akwai wani mataki da na kusa tsallakewa. Tsawon tafin takalmin ta waje, wanda ake bugawa da milimita a gefen diddige, ya sauka daga 326 zuwa 306, saboda haka maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allo bai dace da shi ba kuma. Sabon takalmin yana da tafi irin na GripWalk, wato tafi mai ɗan lanƙwasa da aka yi domin sauƙaƙa tafiya a ƙasa, wanda ya bambanta da tsohon tafin da ke bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 5355, kuma ba kowane maƙali ne yake karɓarsa ba. Na kai allunan da takalmi ɗaya wurin mai gyara, ya duba ya ce maƙalina yana karɓa, ya matsar da shi ya gwada yadda yake saki, na karɓa washegari. Wannan batu ne na lafiyar gwiwa da ƙashi, domin maƙalin da bai saki ba lokacin faɗuwa yana iya jawo karaya.

Ranar farko a kan ƙanƙara ba ta zo da daɗin da na yi tsammani ba. Tafina na hagu ya yi zugi da safe har sai da na tsaya na kwance maɗaurai sau biyu, na fara tunanin ko na sake yin asara. Sai dai na lura cewa allon yana amsa mini da zarar na karkata ƙafa, diddigena kuma bai ɗaga ko sau ɗaya ba. Bayan kwana uku na koma wurin gwanin, na nuna masa da yatsa daidai inda nake jin ciwon da lokacin da yake farawa. Ya rage tudun shimfiɗar hagu kaɗan, ya ƙara tura kwanson a wurin ƙashin, ya kuma sa wani siririn abu a ƙarƙashin diddigen hagu saboda ɗaurewar sha-raɓar da likita ya rubuta, domin wuyan ƙafar da ba ya lanƙwasa sosai yakan nemi hanya ta wajen rushewa ciki. Ziyara ta uku ta zo bayan na yi kimanin kwana goma ina zamiya, lokacin soson ciki ya kwanta ya ba da fili, aka ɗan cike gefen diddigen dama. A lokacin ne na gode da ban ɗauki 27.5 ba.

Idan zan sake wannan tafiya daga farko, tsarin da zan bi shi ne in san irin shimfiɗewar tafina, a auna ni a zaune da a tsaye, a yi shimfiɗa, a zaɓi kwanso bisa ƙafar da aka tallafa, sannan a zo kan faɗaɗa wuraren da suka matse. Duk wanda ya fara da faɗaɗa kwanso kafin shimfiɗa yana buɗe fili ne a wurin da ƙashin zai bari da zarar an ɗaga ƙafar. Haka kuma ba zan ce kowane mai shimfiɗaɗɗen tafi siririn takalmi yake bukata ba, akwai masu faɗin ƙafa na gaskiya waɗanda milimita 102 ko 104 ne daidai da su, amma ma'auni ne zai nuna hakan bayan an tallafi ƙafar. Ciwon da yake a wuri guda, wanda ake iya nunawa da yatsa, yawanci na gyara ne, amma sagewar yatsu da ɗagawar diddige a takalmin da ake matse maɗauransa har ƙarshe alama ce ta cewa kwanson ya yi girma. Safa guda ɗaya marar kauri ta fi ɗumama ƙafa a kan biyu masu kauri, domin jini ne yake kawo ɗumin.

Yanzu ina wuni a kan gangare ba tare da na kwance takalmin ba sai lokacin hutu, farcen da ya yi baƙi kuma ya fita sabo ya maye gurbinsa. Gwiwata ta hagu har yanzu tana ɗan faɗawa ciki idan na gaji da yamma, kuma malamina ya ce ya ga hakan a juyin dama. Mun yi magana da gwanin cewa a farkon hunturu mai zuwa zai ɗora ni a kan ma'auninsa ya gwada siraran abubuwan da ake sawa a ƙarƙashin tafin takalmi, kafin a yanke ko za a taɓa tafin na hagu. Kafin lokacin ina ci gaba da miƙe sha-raɓa kowace safiya, ina kuma ajiye takalmin a wuri marar zafi da maɗauransa a rufe domin kada kwanson ya canza siffa.